Bana Baba Ari Bai Je Gaida Bango Ba

Ranar Talata da hantsi, ina saman wani gini a unguwar Zango, nan Zinder, ina duba aiki, salulata ta yi ƙara. Bukar ne, babban ɗan Malam Ari Magini. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Ishaya, Baba ya cika ɗazu da safe. Bayan azahar za a kai shi." Na ce Allah ya jiƙansa, na ce ga ni nan tafe. Na sauko daga tsani, na zauna a kan tulin yashi.

Zan faɗi gaskiya tun daga farko, domin mutumin da nake rubutu a kansa bai san kwana-kwana ba. Abin da ya fara shiga zuciyata tsoro ne, baƙin ciki sai daga baya ya zo. Watan Mayu ya kusa ƙarewa, kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa a gabas da la'asar yana watsewa. Akwai wani aji a wani ƙauye kudu da Takieta, bangonsa na gabas yana ɗauke da rufin ƙasa mai nauyi, yara fiye da arba'in suna zama a ƙarƙashinsa. Ni na ɓata wannan bango da hannuna shekara shida da suka wuce. Mutum ɗaya ne yake zuwa duba shi kafin kowace damina, kuma shi ne aka ce min ya rasu.

Malam Ari mutumin unguwar Birni ne, kakanninsa daga Borno suka zo, kuma tun daga su sana'ar gidansu gini ce. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kaushi kamar bayan ƙwarya. Ba ya rabuwa da wani tsohon mabuɗin ƙarfe da yake ratayawa a wuya da igiya. Ƙofar da mabuɗin yake buɗewa ta daɗe da rushewa, shi kuwa da shi yake ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne. In ya shiga gidan mutum, ko gaisuwar suna ya je, sai ka ga hannunsa ya tafi wuya. Matarsa Ya Falmata tana yi masa tsiya cewa ya fi gaida bango a kan masu gida.

Na san shi ne ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun gini. Ƙungiyarmu ta ɗalibai Kirista takan fita kowane hutun Ista, mu je wani ƙauye mu yi aikin gayya da sunan ikilisiya. A shekarar aka ce aji za mu gina, domin yaran ƙauyen a rumfar zana suke karatu, iska tana kwashe ta duk shekara. Mutanen gari sun riga sun buga tubali sun tanadi azara. Mu goma sha huɗu ne, kwana goma sha biyu muke da su, kuma ba wanda ya taɓa ɗora tubali a kan tubali a cikinmu, har da ni da aka naɗa shugaba saboda na iya zana gini a takarda. Fastonmu ya san haka, shi ya sa ya je Birni da kansa ya roƙi Malam Ari ya bi mu.

Na ji daga baya cewa wasu maƙwabtansa sun yi masa magana, wai me zai kai dattijo mai sallah cikin 'yan majami'a. Abin da ya ce musu kawai shi ne, "Aji aka ce min za a gina. In ban je ba, su za su gina shi, kuma 'ya'yan mutane ne za su zauna a ciki." Ya ɗauki buzunsa da butarsa ya shiga bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da mu, muna ta waƙoƙinmu, shi yana jan carbi yana murmushi.

Tun ranar farko ya raɗa min suna Injiniya, kuma yadda yake jan sunan, kowa ya san ba yabo ba ne. Na fito da igiyar awo da littafina, ya bar ni na gama aune-aunena, sannan ya ce, "Madalla, Injiniya. Yanzu tuɓe takalmi ka shiga rami." Da ƙafa ake cuɗa ƙasar gini. Rana ta biyu wata ɗaliba mai suna Rahila ta taka fasasshiyar kwalba a cikin kwaɓin, jini ya riƙa zuba, muka tsaya cirko-cirko ba mu san abin yi ba. Shi ya fito da ita, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mata. Daga ranar, kullum da safe shi yake fara shiga ramin, ya tattake shi lungu-lungu da ƙafarsa kafin ya bar ɗayanmu ya shiga. Ranar Lahadi kuma ya hana kowa taɓa aiki, ya zauna gindin bishiyar bedi yana gadin kayanmu har muka gama sujada. Da wani a cikinmu ya gode masa, ya ce, "Ku ma ai kun jira ni ran Juma'a."

Ran kwana tara bango ya kai, an jera azara, an ɗora rufi. Sai aka aiko masa cewa ƙanwarsa ta rasu a Damagaram Takaya. Kafin ya hau moto, wato babur, ya kira ni ya ce, "Kwana biyu zan yi. Ku daɓe ƙasa, ku gyara fili. Bango kuwa kada ku taɓa shi, in na dawo za mu yaɓe shi da makuba." Makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne da ake haɗa ƙasar yaɓe da shi, yana da wari, kuma launinsa ba ya ɗaukar ido.

Da muka gama daɓe, buhunan siminti suka rage. Na zauna na yi tunani irin na ɗan makaranta. Ruwan damina daga gabas yake zuwa, bangon gabas ne zai sha duka, to me zai hana a sa masa rigar siminti? Ga shi kuma shi ne yake fuskantar hanya, in muka shafe shi fari, hoton da za mu nuna a majami'a zai yi kyau. Rahila ta ce, "Ishaya, Baba fa ya ce kada a taɓa." Na ce mata Baba zamaninsa daban, ni wannan abin nake karantawa. Muka shafe bangon sumul, muka bi shi da farar ƙasa. Gari ya taru yana kallo, mata suna guɗa, Maigari ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko wannan zai yi ƙarko. Kaina ya yi girma, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bango shekara hamsin ba abin da zai same shi."

Washegari Baba Ari ya dawo. Ya tsaya ya dubi farin bangon. Ya gaisa da mutane, ya karɓi ta'aziyyarsu, sai da aka watse ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan ajin inda ba kowa.

"Wa ya shafa sima a nan?"

Na ce ni ne, na fara kawo masa dalilaina.

Ya ce, "Tsaya, Injiniya. Ƙasa in ta sha ruwa, da rana take amayar da shi. Kai ka toshe mata hanya. Sima zai tsage, dole ne, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita. Waje fari tas, ciki yana zama tuwo. Ba zai nuna maka ba, ba zai yi gargaɗi ba. Rana ɗaya zai zauna, azara ta biyo shi."

Na ce to a ɓamɓare shi mana.

Ya ce, "Za a ɓamɓare. Amma kai ka ce musu shekara hamsin a gaban jama'a. In ni na ce a cire, za su ce tsoho ya ga sima ya ji kishi. Kai za ka je ka ce wa Maigari ka yi kuskure."

Kamiyo zai zo washegari, an shirya bikin buɗe aji, an yanka akuya. Na ce masa ya yi min haƙuri, zan dawo kafin ruwan farko in gyara. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To. Na ji ka ce za ka dawo." A wurin bikin bai tona min asiri ba, har ma da aka ba shi magana cewa ya yi yaran nan sun yi ƙoƙari.

Ban koma ba. Jarrabawa ta zo, hutu ya zo, na ce sai bayan damina, bayan damina na ce ai ga shi bai faɗi ba. Aka liƙa hoton farin bangon a allon majami'a, duk Lahadi in wuce shi kaina a sunkuye.

Cikin watan Mayu na shekara ta gaba Baba Ari ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Na je na gaida bangonka, Injiniya. Yana gaishe ka." Na yi dariyar yaƙe. Ashe kabu-kabu ya hau zuwa tasha, ya shiga motar Takieta, ya ƙarasa sauran a amalanken shanu, ba wanda ya aike shi. Ya toshe tsagar da ya gani, ya huda ƙananan ramuka a gindin simintin don ruwa ya samu mafita, ya ƙara wa indararo tsawo. Ya faɗa wa Maigari gaskiya, kuma kamar yadda ya ce, dariya aka yi masa, aka ce, "Malam Ari, wanda ya yi karatun lakwal ya ce shekara hamsin." Malamin ajin ne kawai ya saurare shi, ya janye bencunan yara daga wajen gabas. Haka Baba Ari ya riƙa yi duk shekara, kuma duk shekara sai ya kira ni da wannan magana tasa. Bai taɓa cewa na karya alkawari ba. Na gwammace ya zage ni.

Shekara ta uku ya zo har wurin aikina ya ce in ɗauko motona mu je tare. Muka isa da hantsi, yara suna ciki suna bin malaminsu da karatu da ƙarfi. Ya ce in kafa kunnena a bangon. Ya ƙwanƙwasa sama da mabuɗinsa, na ji ƙara a cike. Ya sauko daidai ƙugu ya ƙwanƙwasa, na ji wani amo kamar an buga tulun da ba ruwa. Ya sauko ƙasa, amon ya ƙara faɗi. Ta cikin bangon ina jin muryoyin yaran.

Ya ce, "Ka ji?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Akwai wanda ya fi wannan. In aka yi ruwa mai iska, matan da ɗakunansu suke yoyo nan suke gudowa da goyo. Wai shi ne ginin sima, shi ya fi ƙarfi a garin."

Muka nufi ƙofar Maigari, na haɗa maganata a baki. Kafin in zauna an shimfiɗa min tabarma, an kawo fura, an kama kaza. Maigari ya tara dattawa yana nuna ni, yana cewa ga yaron da ya fitar da su kunya, baƙi in sun zo wucewa har tsayawa suke su kalli ajin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Mun gode, ranka ya daɗe." Baba Ari yana gefe yana kallon ƙasa. Muka dawo Zinder yana bayana a kan moto. Da na sauke shi a Birni ya ce, "Tsoron mutane ya fi maka tsoron bango. Allah ya sa kada ranar ta zo da za su musanya." Ya shiga gida, sannan ya leƙo ya ce in tsaya in ci tuwo.

Tun daga ranar damina ta daina yi min daɗi. Mutane suna murnar hadari, ni ina duban salula. In aka kira ni da baƙuwar lamba ana cikin ruwa, sai in bar ta ta yi ta ƙara, in kasa ɗauka. Na gina benaye a garin nan, ana kirana injiniya ba da wasa ba, amma abin da yake riƙe da hankalina shi ne kiran wani tsoho sau ɗaya a shekara. Na mai da shi majingina, na bar masa kayana ya ɗauka, ban taɓa tsayawa na lura cewa ya haura saba'in, kuma numfashinsa ya fara gajarta ba.

Na je jana'izarsa. Na tsaya daga gefe da wasu abokai biyu da muka yi aikin nan tare, har aka idar da sallah, muka bi gawa zuwa maƙabarta. Magina sun zo da yawa, da ƙasa a ƙafafunsu, wasu daga kan aiki suka taho. Ran sadakar uku ina zaune a zaure, Bukar ya taɓa kafaɗata ya ce Ya Falmata tana son ganina. Na shiga na durƙusa na yi mata gaisuwa.

Ta ce, "Kai ne Injiniya?"

Na ce ni ne, Inna.

Ta ce, "Ya bar maka saƙo. Tun watan jiya yake cewa zai je Takieta, ƙafa ta ƙi. Sau biyu yana sa riga, muna mai da shi. Ran Lahadi ya ce in ka zo a faɗa maka, bana bai samu zuwa gaida bango ba. Ya ce bara da ya je, muryar bangon ta canja. Ni ban san wane bango ba ne, ya ce kai ka sani."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba a gaban matan da suke zaune. Suka ɗauka kukan rashi ne, suna ba ni haƙuri. Rashi ne, amma har da kunya, har da tsoro. Mutumin nan yana kan gadon mutuwa, abin da yake tunani shi ne 'ya'yan wasu a ƙauyen da ba nasa ba, a ƙarƙashin kuskuren da ba nasa ba.

Washegari da sassafe na ɗauki moto, Bukar a bayana da guduma da mabuɗin mahaifinsa, don shi ma magini ne. Gabas ta yi baƙi tun muna Takieta. Muka tarar da yara a aji. Ban bi ta kan tabarma ba, ban karɓi ruwa ba. Na tsaya a ƙofar Maigari a gaban dattawa na ce, "Ranka ya daɗe, Malam Ari ya rasu. Na zo in faɗi abin da ya kamata in faɗa shekara shida da suka wuce. Ƙarya na yi muku. Simintin nan kuskure ne, shi ya faɗa min tun ranar, ni na ji kunyar faɗa muku. A fitar da yaran nan yanzu."

Wani dattijo ya ce, "Ashe da gaske tsohon nan yake." Maigari ya dube ni da idon da ba zan manta ba, ya ce, "Jikokina huɗu suna ciki." Ya tashi da kansa ya tafi ajin.

Da aka fitar da yara aka nisantar da su, muka tokare azara da itatuwa daga ciki. Bukar ya ƙwanƙwasa da mabuɗin, ya nuna min wuri, ya miƙo min guduma ya ce, "Kai za ka fara." Bugu ɗaya na yi. Faifan siminti mai faɗin tabarma ya ɓalle ya faɗo, a bayansa tubalin ya zama gari, gara ta ci sauran. Na tura hannu ya shige har gwiwar hannu ban taɓa abu mai ƙarfi ba. Wata mata a bayana ta yi salati ta zauna a ƙasa, ta ce bara ita da 'ya'yanta uku a gindin wannan bango suka fake. A can ƙasa, jere da juna, ga ƙananan ramukan da Baba Ari ya huda, kowace shekara da nata layi, guda biyar.

Kwana biyu muka yi muna sauke rufin. Ran na uku da la'asar ruwan farko ya sauka da iska, muna tsaye a zauren Maigari muna kallo, abin da ya rage na bangon gabas ya zauna a hankali, ba ko ƙara. Ba kowa a ƙarƙashinsa. Yaran sun koma rumfar zana, za su ƙarasa shekara a can. Bayan damina ɗaliban ikilisiyarmu za su zo mu sake gina shi, Bukar ne zai ja aikin, da makuba za a yaɓe, kuma na faɗa wa Fasto a cire hoton nan daga allo. Maigari bai yi min sallama da hannu ba da za mu taho, ban kuma ga laifinsa ba.

Ni Kirista ne, Baba Ari Musulmi ne, ya yi sallarsa a gabanmu, mun yi addu'armu a gabansa, bai taɓa neman in zama wani abu ba sai mai gaskiya. Ina roƙon Allah Mai jinƙai ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya masa ƙasar da ya yi rayuwarsa yana cuɗawa. Yadda ya rufa min asiri, Allah ya rufa masa nasa. Yadda ya tsare 'ya'yan mutane damina biyar, Allah ya tsare masa nasa. Allah ya ba Ya Falmata haƙuri da dangana, ya ƙarfafa Bukar da ƙannensa, ya sa albarka a hannuwansu, ya sa kada sana'ar gidan ta yanke. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ƙarfin faɗin kuskurenmu tun masu jiran mu faɗa suna da rai.

Da muka dawo Zinder na sauke Bukar a Birni, a daidai inda na taɓa sauke mahaifinsa. Na roƙe shi ya shiga ya faɗa wa Inna cewa an je an gaida bangon. Lambar Baba tana nan a salulata, ban goge ba. Shekara biyar yana kirana da wannan labari, ni kuwa ranar da na samu nawa labarin da zan ba shi, na makara da mako guda.

Allah ya jiƙan Malam Ari Magini, ya sa ya huta. Amin.